Ranar da Na Roƙi a Rubuta Laifina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Lahadi ta watan Yuni a bayan garin Paris. Duk sanda na tuna ta, sai na ji hannuna ya tafi goshina da kansa.

A lokacin ina shekara ta biyu a karatun dokta a Villeurbanne, kusa da Lyon, ina binciken ruwan sha a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Ni ɗan Maradi ne. Wasan da na sani a duniya ƙwallon ƙafa ne, sai kokowa (ita ma kallo kawai, ban taɓa shiga fage ba). Besbol kuwa ko a telebijin in na ci karo da shi wucewa nake yi.

Wanda ya jefa ni cikinsa shi ne Yaya Iliya. A cikin taram, jirgin ƙasan cikin gari, muka haɗu. Ina waya da mahaifiyata, wani mutum mai furfura a gemu yana ta kallona yana murmushi. Da na kashe wayar ya ce, "Sannu ɗan'uwa. Daga ina?" Mutumin Jos ne, injiniya, ya girme ni da shekara kusan ashirin. A Japan ya yi karatu, can ya koyi wasan, kuma shi ne mai jifa na wani ƙaramin kulob na masu sha'awa a Lyon. Ya gayyace ni gidansa ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci, matarsa ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Don tuwon na je. Da na tashi tafiya sai ga ni da wata ƙatuwar safar hannu ta fata a hammata da alkawarin zuwa atisaye ranar Laraba.

Ga wanda bai san wasan ba, a taƙaice haka yake. Mutum tara suna tsaron fili. Ɗayansu, mai jifa, yana wurgo ƙwallo da ƙarfi. Ƴan ɗaya ɓangaren suna zuwa ɗaya bayan ɗaya da kulki, kowa yana ƙoƙarin ya maka ƙwallon ya ruga zuwa tasha ta farko kafin a tsinto a jefa can. In ya kasa bugawa sau uku, ko aka cafe ƙwallon a sama, ko ƙwallon ya riga shi isa tasha, an fitar da shi. In kuwa ya zagaye tashoshin ya dawo inda ya faro, an ci ɗaya. An fitar da uku, sai a yi musanya. Manya suna yin zagaye tara, mu a ajinmu bakwai muke yi.

Shekara guda na yi a kulob ɗin, kuma aikin da na fi ƙwarewa a kai shi ne zama a benci. In dole ta kama, koci yana tura ni can ƙarshen fili ta hannun dama, wurin da ƙwallo bai cika zuwa ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalili. Ban kuma tambaya ba.

To, sai ga Ramatu. Ƴar Damagaram ce, tana karatun haɗa magunguna a Paris, tana zaune a Saint-Denis wurin gwaggonta, Hajiya Zuwaira, wadda kowa ke kira Tanti. A wani suna muka haɗu, muka shiga waya kullum. Wata rana na tura mata hotona cikin kayan wasa, da hula da kulki a kafaɗa. Ta ce, "Kai, ashe ɗan wasa ne kai!" Nan ya kamata in ce a'a, ɗan benci ne. Abin da na ce shi ne, "Eh to, ana taɓawa. Ni ake kira in wasa ya yi tsanani." (Wannan ba ƙarya ba ce ɗari bisa ɗari. In mutane suka ƙare, ni ake kira.) Daga nan labari ya yi ta girma da kansa. Kafin wata uku, a kunnen Ramatu, kulob ɗin nan ba ya motsi sai da ni.

Duk shekara muna yin wasan sada zumunci da wani kulob na bayan garin Paris. Na bana ya zo da nauyi, don shi ne wasan Yaya Iliya na ƙarshe. Kafaɗarsa ta dama ta gaji, likita ya sa ranar yi masa aiki, ya kuma gaya masa ƙarara cewa bayan aikin babu sauran jifa. Shekara ashirin da biyu yana wasan nan.

Da Ramatu ta ji za mu zo, ta ce sai ta zo kallo. Na ce wurin da nisa. Ta ce jirgin RER na zuwa har can. Na ce wasan da gundura ga wanda bai saba ba. Ta ce Tanti ma za ta zo, tana so ta ganni da idonta. Sai na yi dabara. Na shiga farmasi na sayi bandeji, na ɗaure gwiwata ta hagu tun daga Lyon. Shirina mai sauƙi ne: in zauna a benci kamar kullum, in riƙa ɗingishi kaɗan, in ce ciwo ne ya hana ni nuna musu abin da na iya.

A tashar jirgin ƙasa koci ya ƙirga mu, ya sake ƙirgawa. Matar wani ta haihu da asuba, wani kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Mu tara cif. Ya dube ni ya dubi bandejin.

"Me ya samu gwiwar?"

Na ce, "Ba komai, rigakafi ne."

Ya ce, "Bon. Kai ne a dama."

Har muka isa Paris ban iya cin burodin da na riƙo ba.

Filin ba wani babban fili ba ne. Ciyawa, waya a kewaye, da benci uku na ƴan kallo a gefen dama, wato daidai inda zan tsaya. Ƴan kallon ba su kai talatin ba. Tun daga nesa na hango Tanti cikin lafaya ruwan goro, da kula a gabanta da lema a hannu, Ramatu a gefenta. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa gaisuwar har ƙarshe, ta tambayi mutanen Maradi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "To ɗana, yau za mu ga abin da ake ta ba mu labari."

Aka fara. Yaya Iliya ba mai ƙarfin jifa ba ne a wannan shekarun, amma ranar ƙwallon yana jin maganarsa. Ya jefa a hankali, mai kulki ya kai duka kafin ƙwallo ya iso. Ya jefa ya lanƙwasa, mutum ya bugi iska har ya juya. Waɗanda suka samu suka taɓa, ƙwallon ya gangara hannun ƴan tsaronmu, a jefa tasha, a fitar da su. Uku suka zo, uku suka koma. Zagaye na biyu haka, na uku haka. Mu kuma muka ci biyu. (Ni na je bugu sau uku a ranar, na kuma dawo sau uku ban taɓa komai ba. Na riƙa shafa gwiwa a kan hanyar dawowa don Ramatu ta gani.)

A can inda nake tsaye, ko kyankyaso bai zo ba. Na fara jin daɗin rayuwa.

Bayan zagaye na biyar na lura da wani abu. Yaya Iliya yana zaune shi kaɗai a ƙarshen benci, da tawul a kafaɗa, ba mai yi masa magana. Mutanen da suka saba surutu duk sun yi tsit. Na ga abin bai dace ba, mutum yana ta ƙoƙari an ƙyale shi. Na matsa na ce da ƙarfi, "Yaya, ka lura kuwa har yanzu ko mutum ɗaya bai..."

Ban ƙarasa ba na ji an toshe mini baki da safar hannu mai warin gumi. Mathieu ne, mai tsaron tsakiyar fili, maƙwabcina a wurin tsayuwa. Ya ja ni bayan rumfa yana zare ido.

"Ka haukace? Ba a faɗa! Ba a taɓa faɗa sai an gama!"

Ya yi mini bayani cikin raɗa. Abu biyu ne a gaban Yaya Iliya. Na farko, a gama wasa ba wanda ya yi bugu mai kyau da ya kai shi tasha. Wannan babban abu ne, mai jifa da yawa suna tsufa ba su samu ba. Na biyu ya fi shi nesa ba kusa ba: a gama ba wanda ya taka tasha ta kowace hanya, ko da kuskuren mai tsaro ne. Mutum ashirin da ɗaya su zo, ashirin da ɗaya su koma. Shi suke kira match parfait, wasan da babu tabo. Mathieu ya ce tun da aka kafa kulob ɗinmu ba a taɓa yi ba.

"Saura shida," in ji shi. "Ka rufe bakinka, ka buɗe idonka."

Na koma fili ina addu'a iri biyu masu karo da juna. Ɗaya, Allah Ya sa kada ƙwallo ya zo wurina. Ɗaya kuma, can ƙasan zuciya, Allah Ya kawo guda ɗaya mai sauƙi, don yini ya kusa ƙarewa Ramatu ba ta ga na taɓa ƙwallo ba, sai tsayuwa kamar mai jiran mota.

Zagaye na shida ya wuce. Na bakwai, mutum na sha tara ya bugi iska sau uku. Na ashirin ya buga ƙasa, aka fitar da shi. Har ƴan wancan kulob ɗin sun miƙe tsaye. Yaya Iliya yana juya kafaɗa tsakanin jifa da jifa, daga inda nake ina ganin yadda yake cije leɓe.

Na ashirin da ɗaya wani likitan haƙori ne mai tumbi. Jifa na biyu ya taɓa, ƙwallon ya tashi sama sosai, a hankali, ya nufo tsakanina da Mathieu. Irin ƙwallon da ake ba sabon shiga a atisayen farko. Mathieu ya riga ya iso ƙarƙashinsa, ya buɗe safa, yana jira. Da na tsaya inda nake, da yanzu ba ni da labarin bayarwa.

A wasan nan akwai doka: wanda ya yi ihu cewa nasa ne, sai a bar masa. Na ji bakina ya buɗe.

"À moi! Nawa ne! Nawa ne!"

Mathieu ya dube ni da mamaki, amma ya bi doka, ya ja da baya. Na shiga ƙarƙashin ƙwallon, na ɗaga safa. Komai daidai. Sai na ce bari in tabbatar Ramatu tana kallo. Ƙiftawa ɗaya kawai. Na ga tana kallo kuwa, hannunta biyu a ƙirji. Da na mai da ido sama, ƙwallon ya riga ya iso. Ya wuce safar, ya daki bakin hulata, ya sauka a goshina, ya yi gefe cikin ciyawa. Ni kuma na zauna daɓas.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Likitan haƙori yana tsaye a tasha ta farko yana haki. A cikin shirun nan muryar Tanti ta tashi, da Hausa, har ƙarshen fili:

"Innalillahi! Da ka ake tarewa?"

Yaya Iliya ya cire hula, ya goge fuska da hannun riga, ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ƙanena, kana lafiya?" Na ɗaga hannu. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya juya, ya fitar da mutum na gaba da jifa uku, wasa ya ƙare.

Na zaci iyakar kunyar ke nan. Ashe ba a fara ba.

Akwai wata dattijuwa ƴar wancan kulob ɗin, mai farin gashi da tabarau, wadda ke zaune a ƙaramin tebur tana rubuta duk abin da ya faru a wasa. Abin da ta rubuta shi ne ya faru, ko alƙalin wasa ba ya canza shi. Na ga mutane sun taru a kanta ana ta ɗaga hannu. Mathieu ya zo ya ce mini, ba tare da ya dubi fuskata ba, "Madam tana so ta rubuta bugu mai kyau. Ta ce rana ce ta shiga idonka, ba laifinka ba ne."

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce Allah Ya yi wa matar nan albarka.

Ya ce, "Ba ka gane ba. In bugu mai kyau ne, Iliya ya rasa duka biyun. In kuskurenka ne, na farkon yana nan."

Wato abin da ya rage wa Yaya Iliya a shekara ashirin da biyu na jifa ya rataya a kan a tabbatar, a rubuce, cewa ni ne ban iya ba. Na dubi inda yake. Yana zaune a benci an ɗora masa ƙanƙara a kafaɗa, bai je wurin tebur ba, bai kuma dube ni ba.

Na tafi da ƙafafuna. Ramatu da Tanti sun riga sun iso wurin, don Tanti ba ta ganin taro ta wuce.

Na ce, "Madam, kuskurena ne."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce ta gode da ladabina, amma ita doka take bi. Tambayar ita ce, ɗan wasa na yau da kullum, da ƙoƙari na yau da kullum, zai cafe wannan ƙwallon? Daga inda take ta ga na rasa shi a cikin rana. Likitan haƙori yana gefe yana gyaɗa kai da ƙarfi (daga baya na ji duk shekarar bai yi bugu mai kyau ko ɗaya ba, shi ma da tasa damuwar).

Na ce, "Madam, rana a bayana take."

Ta juya ta dubi sama, ta dubi inda na tsaya. Ta ce to iska fa?

Na ce babu iska. Na cire hula na nuna mata ƙululun da ya fara tasowa. Na ce ƙwallon bai kauce ba, inda na tsaya nan ya zo, har ya same ni. Na ce kowa a filin nan zai cafe shi, ita ma kanta da an ba ta safa za ta cafe. Na ce shekarata guda a kulob, wannan ne karo na huɗu da aka sa ni wasa, kuma yau ma don matar wani ta haihu ne. Duk wannan da Faransanci mai kyau, a tsanake, Ramatu tana taku biyu daga kafaɗata.

Madam ta ajiye biro. "To in ba rana, ba iska, me ya faru, monsieur?"

Ina neman wata kalma da za ta rufa mini asiri ko kaɗan, sai Tanti ta matso da lemarta. Shekararta talatin a Faransa, Faransancinta ba ya tsoron kowa.

"Madam, ni na gani. Ba sama yake kallo ba. Nan yake kallo." Ta nuna Ramatu da lema.

Aka yi dariyar da har alƙalin wasa sai da ya dafa wayar shinge. Madam ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki biro ta rubuta harafi ɗaya da lambar wurin tsayuwata, ta juyo takardar ta nuna mini alamar kuskure, ta ce, "Erreur. Ka gamsu?" Na ce na gode. Wallahi godiya na yi mata.

Ƴan kulob ɗinmu suka ruga suka rungume Yaya Iliya. Ni kuma Tanti ta zaunar da ni, ta ciro gorar bisap, wato zoɓo, mai sanyi daga kula ta manna mini a goshi. Ramatu ta zauna a gefe. Can ta dubi gwiwata ta ce, "Bandejin nan, da ka sani da a kai ka ɗaura." Na ce mata gwiwar ma lafiyarta lau. Ta ce ta sani, ɗazu da hagu nake ɗingishi, da na je gaishe da Tanti kuma da dama.

A jirgin komawa Lyon na rasa wurin zama sai kusa da Yaya Iliya. Mun wuce gonaki da yawa kafin in iya cewa, "Yaya, ka yafe mini."

Ya ce, "Ba zan ce maka ban ji ciwo ba. Na ji. Da ƙwallon nan ya tashi har na fara tunanin yadda zan gaya wa ƴaƴana." Ya gyara ƙanƙarar kafaɗarsa. "Amma na ga ka je wurin tebur. Ni ban aike ka ba." Sai ya rufe ido. Na zaci ya yi barci, sai na ji ya ce, "Mathieu fa yana ƙarƙashinsa."

Na ce, "Na sani, Yaya."

"Yana ƙarƙashinsa, ƙanena."

Ya sake faɗin haka sau biyu kafin mu isa, kuma har yau in muka haɗu yakan faɗa, ko ana cikin wata hira daban.

An yi masa aikin lafiya, yanzu shi ne koci. An sa takardar Madam a gilashi an rataye a ɗakin kulob, layi bayan layi tsaf, sai wuri ɗaya kusa da ƙarshe. Duk sabon ɗan wasa sai ya tambayi wane ne wannan, kuma kullum akwai mai nuna masa ni. Ramatu kuwa ta aure ni bayan shekara ɗaya da rabi. Tanti ce ta kai rahoto Damagaram, na kuma ji abin da ta ce: yaron yana da cika baki, amma in aka matsa shi yana faɗin gaskiya, ko da ta kansa ce. A haka aka ba ni.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu a wurin aiki, in shugaba ya ce wa zai ɗauki wannan, nakan fara duba ko akwai wanda ya riga ya tsaya a ƙarƙashin abin da hannu buɗe. In akwai, sai in yi shiru in bar shi. In kuwa bakina ya riga ni, to ko wa ke kallo, ba na waiwaye sai abin ya shiga hannu.